Muryar Ɗan Fari a Cikin Akwati

Tudun Illo, arewa da Barmu
Lahadi, farkon damina

Zuwa ga ɗiyata Rahinatu, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ce gwaggonki Raƙiya, wadda uwata da kakanki ciki ɗaya suka fito. Da hannuna nake rubuta miki. In kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, da furfura na koyi boko. Salula ba ta yi mini amfani, sai an hau tudu ake samun rezon da waya ke kamawa, kuma in na ji muryar dangi kuka nake yi in manta abin da aka faɗa. Takarda kuwa tana tsayawa in sake dubawa.

Mu nan da sauƙi, amma ba lafiya ba. Kin ji taubashinki ya faɗi da babur ɗin kabu-kabu a Tawa bayan ƙaramar salla. An sallamo shi, yana kwance a ɗakinsa. Hannun dama ba ya riƙe ludayi, baki kuma ya tsaya cak. Yana ji, yana ganewa, yana bin mutum da ido, amma kalma ba ta fita. Dokotoro ta ce maganin da ya rage shi ne magana: a zauna gabansa kullum, a faɗi kalma a hankali, a sa shi ya maimaita. Ta dube ni ta ce, “Ke ce uwa, aikinki ne.” Na sunkuyar da kai. Ɗiyata, kin san ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba. Saƙo ma ta bakin ƙanwarsa nake aika masa, ita kuma yanzu tana ɗakin miji a Tebaram. Babansa ya rasu. In na buɗe baki gabansa, harshena nauyi yake yi kamar nasa.

Shi ya sa nake neman taimakonki a kan akwatinsa, wanda ya haɗa mana mu matan makarantar manya. Allo ɗaya ne babba a ciki, da ƙananan alluna huɗu tsaye a kansa kamar masu sahu. Ya ce kowanensu kwamfuta ce sukutum. Akwai kuma faifai siriri, kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. A cikin faifan ya zuba darussa da muryarsa. Mu zauna gindin itacen bedi, salulolinmu su kamo, ya ce “ba”, mu ce “ba”, ya ce “sake”, mu sake. Da muryar nan na koyi abin da nake rubuta miki yanzu. Niyyata in ajiye masa akwatin kusa da kai, muryarsa ta da ta koya masa magana, ni in tsaya daga ƙofa.

Ga abin da ya faru. Ruwan farko ya ɓula rufin ɗakinsa daidai kan akwatin. Na tsorata, na zare allunan huɗu da faifan, na naɗe su cikin kallabi, na rufe a kwalla. Da aka yaɓe rufin na mayar da komi. Yanzu fitilu suna kamawa, fanka tana juyawa, salula tana ganin sunan makaranta, amma in an shiga babu darasi ko ɗaya. Fili fetal.

An ce aikinki ke nan a Yamai, kula da irin waɗannan na'urori. Don Allah ki gaya mini, na kashe muryarsa ne? Ki ba da amsa a motar Tawa, direban kasuwarmu Nura zai karɓo.

Gwaggonki, Raƙiya

*

Yamai, Alhamis

Gwaggo, ina gaishe ki da jinya. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki lada. Mu duka ƙalau muke. Rubutunki kuwa ya fi na maigidana kyau, har na nuna masa don ya ji kunya.

Ki kwantar da hankalinki. Kwalla da kallabi ba sa kashe faifai, ruwan da kika tsere masa shi ne abin tsoro. Tunda salula tana ganin sunan makaranta, akwatin yana da rai. Faifan ne bai amsa ba, kuma sau da yawa wuta ce ke yi masa kaɗan. Cikin damina rana ba ta cika batir. Ki jira tsakar rana, ki share fanon hasken rana da ke kan rufi, ki cire duk salular da maƙwabta suka kawo caji, sannan ki kunna. In bai yi ba, ki kashe, ki duba igiyoyi biyu da ke shiga faifan, siririya da mai faɗi. Ki zare kowace ki mayar har ta zauna daram. Kada ki taɓa komi da wuta a jiki, kada ki goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Tambaya biyu. Ƙananan allunan nan, kowane kin mayar da shi mazaunin da kika ciro shi? Sannan cikin matan makaranta, babu wadda darussan suka zauna a salularta?

Ki ce wa bawan nan nawa Attaher na ji labarinsa. Mutumin da ke hana kowa magana a gidan biki shi ne yau ya yi shiru? Ki ce masa ya yi sauri ya warke, akwai zagin da na tanadar masa, ba na son in yi shi ga wanda ba zai rama ba. Gwaggo, ke za ki faɗa masa da bakinki, kada ki aika kowa. Kunyar ɗan fari ta masu lafiya ce.

Ɗiyarki, Rahinatu

*

Tudun Illo, Laraba

Ɗiyata Rahinatu, na samu takardarki, na gode. Jikin nasa yana nan yadda yake.

Na yi duk abin da kika ce. Na hau tsani da kaina na share fanon, matan unguwa suna ta salati. Na kori salulolin mutane, har wata ta daina gaishe ni. Na zare igiyoyi na mayar. Babu darasi.

Maganar mazauni ita ta hana ni cin abinci. Ban san suna da mazauni ba. Duk kamarsu ɗaya, kamar ƙwan zabuwa. Wanda hannuna ya fara kamawa shi na fara dasawa. Wannan ne ya ɓata? Matan kuma na bi su gida gida. Babu mai komi. Shi ne ya tsara haka, wai salulolinmu ba su da wuri, a sha daga akwatin kawai kamar rijiya.

Saƙonki ban isar ba. Na shiga da fura, na tsaya, na ce wa bango, “Ga fura.” Ya dube ni, na fito. Ke ƴar birni ce, ba za ki gane ba. Ba ƙi nake yi ba, abin ne ba ya fitowa.

Ƙanin babansa, Ciɗo, ya fara ƙosawa. Ya ce mace ta zauna tana wasa da wayoyi alhali a Tawa akwai masu gyaran salula rumfa rumfa. Na ce a jira amsarki. Ya ce, “Yamai ta yi nisa, yaro yana bushewa.” Ban iya musa masa ba, don dokotoro ma ta ce in aka daɗe harshe yana sabawa da shiru. Ki yi sauri.

Raƙiya

*

Tudun Illo, bayan kasuwa biyu

Rahinatu, lafiya kuwa? Kasuwa ta ci, ta sake ci, babu takardarki. Ko na ɓata miki rai da na ce ke ƴar birni ce? Ki yafe mini, bakin mai jinya ne.

Jiya ina gona ina noman gero, Ciɗo ya shiga ya ɗauki akwatin. Na dawo na tarar da igiyar batir tana reto. Ya kai Tawa ya bar wa wani mai gyara, ya dawo yana murna, wai an ce a ba shi kwanaki kaɗan zai fito kamar sabo. Ya ce, “Ke dai ki tanadi tukwici.” Ban san ko in yi godiya ko in yi kuka ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron nan. A gabansa aka ɗauka. Tun jiya idonsa yana kan teburin, yana buga tabarma da hannun hagu. Wani sauti yake yi a maƙogwaro wanda ban taɓa ji ba. Yana son ya faɗi wani abu a kan akwatin nan, ni kuma ban san mene ne ba.

Raƙiya

*

Yamai, Asabar

Gwaggo, takardarki ta Laraba ta iso yau, ina amsawa a tsaye don kada mota ta tashi. Ina gaishe ku duka.

Na gano matsalar, kuma ƙarama ce. A irin allon nan, igiyar faifai mazauni ɗaya kaɗai take kaiwa, na uku in kin ƙirgo daga gefen fanka. Cikin ƙananan allunan huɗu, ɗaya ne Attaher ya koya wa karanta faifan. In ba shi ne zaune a na uku ba, faifan yana nan lafiya amma babu mai tambayarsa. Sai ki riƙa gwada su a mazauni na uku ɗaya bayan ɗaya, kina kashe wuta kafin kowane canji.

Yanzu ga abin da ya fi komi. Kada Baba Ciɗo ya kai akwatin nan wurin masu gyaran salula. Ba mugunta gare su ba. Kowane ƙaramin allo yana da kati a jikinsa irin na salula, a nan hankalinsa yake. Kwamfutar masu gyara ba ta iya karanta irin waɗannan katuna, ko irin faifan nan. In an sa mata, sai ta ce ya lalace, a furmata shi, wato a share komi. Mai gyara zai yarda da ita don haka ya saba. In aka yi wa faifan haka, muryar ta tafi, ni ma ba lalle in iya dawo da ita ba. Ki kwanta a kan akwatin nan in ta kama.

Rahinatu

*

Tudun Illo, Talata

Ɗiyata, ki karanta a hankali.

Takardarki ba ta ɓata ba. Ƙorama ce ta cika ta yanke hanya, Nura ya bar ta a Barmu cikin aljihun motarsa. Jiya da hantsi ya kawo. Na karanta a tsakar gida, da na kai wurin furmata sai na zabura. Ban nemi izinin kowa ba. Na yafa mayafi na shiga motar Nura da zai koma. Ciɗo ya biyo ni da takalmi a hannu yana cewa, “Raƙiya, kin haukace?” Na ce, “Faɗa mini rumfar.”

A tashar Tawa babu abin hawa sai kabu-kabu. Na rantse ba zan taɓa hawa abin da ya kayar da shi ba. Na hau, na rufe ido.

Na samu mai gyaran, Alƙasum sunansa, mutum mai fara'a. Akwatin a buɗe, allunan a zube kan tebur cikin gawarwakin saluloli. Faifan yana gefen hannunsa.

Na ce, “Malam, tsaya.”

Ya ce, “Inna, ai aiki ya kankama. Jiya na samu igiyar da zan haɗa faifan. Katunan nan duk sun lalace, kwamfutata ta faɗa. Na furmata ɗaya, ya fito fes.”

Na ce, “Fes ɗin nan, me ya rage a ciki?”

Ya ce, “Babu komi, kamar yau aka saye shi.”

Kati na biyu yana tsakanin yatsunsa. Ban san lokacin da na riƙe wuyan hannun namijin da ba muharramina ba. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya ce, “Alƙasum, ka yi sabuwar amarya ke nan.” Babu wanda ya yi dariya. Na miƙa masa takardarki. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye katin a hankali kamar ƙwai. Ya ce, “Wallahi ba a gaya mini murya ce a ciki ba. An ce mini rediyo ce ta ƙi kamawa.”

Ya mayar da kowane kati jikin allonsa, ya ɗaura jan zare a kan wanda ya share. Sannan ya nuna mini wani abin. Garin cirowa, ɗan maƙalin da ke riƙe allo a mazauni na uku ya tsage. Ya ce zai ɗauki dasawa ɗaya, wataƙila biyu, daga nan ya karye.

Ga ni a gida da akwatin. Faifan bai taɓu ba, alhamdu lillahi. Amma alluna uku suka rage masu hankali, mazaunin kuma ba zai jure gwaji ba. In kuma mai jan zaren ne wanda ya san faifan fa? Ban kunna ba. Ban taɓa komi ba. Ina zaune ina kallonsu. Ki gaya mini wanne.

Raƙiya

*

Yamai, Juma'a

Gwaggo, sannu da hanya. Kin yi abin da ni ban isa in yi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, daga nan ban san wanne ba ne. Ko ina gabansu sai na gwada, gwajin kuma shi ne ba mu da shi. In mai jan zaren ne, sai an kawo mini komi Yamai na sake koya masa, wannan kuwa sai bayan damina.

Amma akwai wanda ya sani, kuma yana ɗaki ɗaya da akwatin. Shi ya saye su, shi ya dasa su, ya san tabon kowane. Bakinsa ne ya tsaya, ba idonsa ba. Ki jera su gabansa ki tambaye shi. Ba bango za ki tambaya ba, Gwaggo. Sai ya san da shi ake, sai kin dubi fuskarsa kin ga amsar.

Rahinatu

*

Tudun Illo, Litinin

Ɗiyata Rahinatu, ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Gero ya fara fitar da kai.

Takardarki ta wuni a cikin zanena kafin in iya. Shekaranjiya da azahar na share fano, na ɗauki faranti na jera allunan huɗu, na shiga. Na zauna a bakin tabarmarsa. Tun yana goye ban zauna kusa da shi haka ba. Ashe akwai furfura ɗaya a gemunsa.

Na ce, “Wanne ne na uku?” Idona yana kan faranti. Shiru. Na sake faɗa wa farantin. Shiru. Na ɗaga kai, sai na ga ni yake kallo, ba allunan ba. Jira yake yi.

Na kira sunansa. Ban san yadda ya fito ba, kamar an zare ƙaya. Na ce, “Wanne ne ya san faifan?”

Hannun hagu ya taso. Ya wuce mai jan zaren, numfashina ya dawo. Ya tsaya kan wani, ya juya shi, ya nuna mini gefensa. Ɗan ɗigon farin fenti ne, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Sau nawa na riƙe allon nan ban gani ba. Na dasa shi a mazauni na uku da bisimilla. Maƙalin ya yi ƙara amma ya riƙe. Na kunna, na jira fitilu suka daina ƙiftawa, na duba salula. Darussa suka jeru tun daga na farko.

Na danna. Muryarsa ta cika ɗakin, da dariyar nan tasa: “To, iyayena mata, a gyara zama.”

Rahinatu, na zaci zai yi murna. Ya saurara kaɗan, sai fuskarsa ta yamutse. Ya ja jiki ya juya wa akwatin baya, ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Duk wahalar nan da na sha, ban taɓa tunanin yadda mutum zai ji ba in aka kunna masa abin da ya rasa. Na kashe.

Na tashi zan fita kamar kullum. Na kai ƙofa, na kasa. Littafina na makaranta yana kan teburin, na ɗauko na dawo bakin tabarma. Na ce wa bayansa, “Ni zan karanta. In na yi kuskure babu mai gyara mini.” Na fara daga darasin farko, da irin karatun nan nawa na tsohuwa, ina tuntuɓe. Na kai layin da kullum nake haɗiye rabinsa don sauri, na haɗiye.

Ya juyo. Leɓensa ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Na riƙe bakina ban taimake shi ba. Can ya ce, “Sake.”

Bai fita sosai ba, amma ni na ji. Na sake.

Akwatin na mayar wa makaranta, mata sun koma karatu gindin bedi jiya, Ciɗo yana ta gaya wa mutane shi ya kai gyara. Mai jan zaren zan aiko miki bayan girbi. Ni kuma safe da la'asar ina ɗakin. Kalma ɗaya ce har yanzu, amma yana yi mini ita sau da yawa, don kuskurena ba ya ƙarewa.

Na faɗa masa kin tanadar masa zagi. Ya yi murmushi da rabin baki, ya ɗaga yatsa alamar ki jira.

Gwaggonki Raƙiya, uwar Attaher